Ciki Ba Ya Bukatar Wanki

Duk kasuwar da ka shiga a ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Gesheme, daga Dankasari zuwa Kore Mai Ruwa, akwai mutum guda da ba ka rasawa: mai lasifika a kan amalanke ko bayan babur, da jarkoki cike da baƙin jiƙo, yana shelar cewa cikinka ya yi datti. Ciwon baya datti ne, kasala datti ce, raunin mazakuta datti ne, yaron da ya ƙi yin ƙiba datti ne ya hana shi. Ka sha kofi guda, in ji shi, gobe da asuba za ka ga abin da zai fita. Kuma lalle za ka gani. Sai dai abin da ka gani ɗin ruwan jikinka ne, ka biya kuɗi aka raba ka da shi.

Na yi shekaru ina koyar da darasin halittu a kwaleji a nan Dogondutsi da garuruwan kewaye. Yaranmu kan zana kayan ciki a allo tsaf, su jera sunayensu da Faransanci, su ci jarrabawa, amma in sun koma gida suka tarar ana ɗura wa ƙanensu mai zawo jiƙon wankin ciki, ba su da abin cewa. Ilimin ya tsaya a lakwal, bai shiga tsakar gida ba. Shi ya sa nake so mu bi loma guda da Hausa, daga baki har salanga, mu duba ko akwai wani lungu da datti zai maƙale ya shekara.

Ga lomar tuwon hatsi da miyar kuka. Aiki yana farawa tun a baki. Babban mutum yana yin yawu lita guda zuwa ɗaya da rabi kowace rana, yana haɗiyewa bai ma sani ba. A cikin yawun akwai wani sinadari da ake kira amilas, wanda ke fara sassara sitacin hatsi yana mai da shi sukari. Duk wanda ya taɓa daɗewa yana tauna tumu ya ji zaƙi na fitowa a hankali, aikin amilas ya ɗanɗana. Mu dai tuwo haɗiyarsa muke yi, kuma babu laifi, tunda turmi da niƙa da wuta sun riga sun rage aikin, saura kuma akwai mai ƙarasawa a gaba. Daga maƙogwaro loma ta shiga wani bututu mai tsawon santimita 25 ko kusa da haka. Naman bututun ne ke matsa ta yana tura ta gaba-gaba, shi ya sa jaki ke shan ruwa kansa a sunkuye kuma ruwan ya hau.

Sai tumbi. A nan akwai ruwan tsami mai ƙarfin gaske, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da suka biyo abinci, ya kuma fara narkar da nama da wake da ƙwai. Abin da ya hana wannan tsami cin tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa. Ku riƙe zancen yauƙin nan, za mu dawo gare shi. Tumbi yana dama abinci har ya koma ruwa-ruwa, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin 'yan awoyi. Manomanmu sun daɗe suna cewa tuwo yana riƙe ciki, shinkafa kuwa kafin azahar ta gudu. Suna da gaskiya. Wani bincike da aka yi a Bamako, aka wallafa a 2018, ya auna ya tarar tuwon hatsi da na dawa suna daɗewa a tumbi kusan ninki biyu na shinkafa da taliya da dankalin turawa. Na ji daɗin wannan sakamako ƙwarai, domin a 'yan shekarun nan har a ƙauye an fara kallon shinkafa a matsayin abincin wayewa, hatsi kuwa na talaka. Mai noma da hauya tun hantsi har la'asar ya san da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda ake ainihin aikin shi ne ƙaramin hanji, mai tsawon kusan mita 6, a nannaɗe a ƙarƙashin cibiya da kewayenta. A farkonsa matsarmama ke ɗigo da ruwan nan mai ɗaci wanda hanta ke yi, shi ke farfasa mai da kitse. Nan kuma wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, likitoci na kiran ta pankiriyas, take zubo nata ruwan, wanda ke kashe kaifin tsamin da ya biyo abinci, ya ƙarasa narkar da sitaci da nama da mai. Bangon hanjin daga ciki cike yake da 'yan tsirarrun tsoka miliyoyi, ƙanana ƙwarai, kowane da jijiyar jini a cikinsa. Da za a baje su duka, faɗinsu zai kai murabba'in mita 30. Su ne ke tsotse abin da ya narke su miƙa wa jini, jini ya kai hanta, hanta ta tace ta rarraba wa jiki. Abin da bai ratsa wannan bango ba, ko da ka haɗiye shi, bai zama abincinka ba.

Ga abu biyu da nake so kowane magidanci ya sani. Fatar nan ta cikin hanji tana sabunta kanta duk kwana 3 zuwa 5. Tsohuwar ta saɓule ta bi kashi, sabuwa ta maye. To ina dattin shekara goma zai samu wurin zama a bangon da bai kai mako guda ba? Na biyu, tsakanin abin da muka sha da ruwan da jiki da kansa ke zubawa, yawu da ruwan tumbi da na matsarmama da sauransu, kimanin lita 8 zuwa 9 ke bi ta hanji kowace rana. Hanji ya mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a kashi bai cika kofi guda ba. Ƙarshen wannan aiki na babban hanji ne, mai tsawon mita ɗaya da rabi, inda ake tsane sauran ruwa. A can ne kuma wasu ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa ke zaune, suna cin dusa da sauran abin da ya gagari narkewa, suna hana miyagun ƙwayoyi samun wuri. Iskar da wake ke sa mutum aikinsu ce, ba alamar cuta ba ce. Launin kashi kuwa daga ruwan matsarmama yake.

Yanzu sai a gane abin da filasko da ire-irensa na cikin jiƙon wankin ciki ke yi. Suna tsokanar babban hanji ne ya riƙa murɗawa da sauri, ya kuma zubar da ruwa maimakon ya tsotse. Abin da ke fita kore-kore ko baƙi-baƙi, ana murna ana cewa ga cutar nan ta fito, ruwa ne da gishirin jiki da ruwan matsarmama da launin jiƙon kansa. Jirin da ke biyo baya, wanda mai magani ke cewa alamar magani ya kama ne, rashin ruwa ne. Ƙaƙƙarfan mutum zai jure ya warware. Tsoho mai hawan jini, ko mace mai ciki, ko yaro ɗan shekara guda, ba lalle su jure ba. Kuma duk abin da aka haɗa a jarkar, wanda ba wanda ya auna, hanta ce ke fara karɓarsa, a ƙasar da ciwon hanta ya riga ya yi yawa.

Ba ina zagin magungunan gargajiya gaba ɗaya ba. Na tashi a gidan da ake jiƙa sabara, kuma na san masu magani da ke tura mutum likita in sun ga abin ya fi ƙarfinsu. Faɗana da aƙidar nan ne cewa lafiya ita ce a fitar da wani abu daga ciki. Abu guda da ya cancanci a fitar shi ne tsutsar ciki, ita kuwa galibi ƙwaya guda ta albendazol, irin wadda ake raba wa yara lokacin rigakafi, ta ishe ta, ba tare da an kwana ana zarya bayan gida ba.

Inda wannan aƙida ta fi yi mana ɓarna shi ne a kan yara. Ku dubi ƙasarmu. Ruwan sama guda ne ke sauka a kan fakon tudu da kuma yashin Dallol Mawri, amma a fako gudu yake yi ya wuce, a dallol kuwa ya nutse ya zama rijiya da lambun dankali. Hanjin yaron da zawo ya yi ta maimaita masa fako ne. 'Yan tsirarrun nan na bangon hanji sun gajarce sun baje, abinci na bi ta kai yana wucewa. Uwa tana ba shi, yana ci, amma ba ya ƙaruwa. Rama ta rage masa ƙarfin kare kai, wani zawon ya sake kama shi, a haka har a kai ga tamowa. Sau da yawa a gidan akwai hatsi a rumbu, ba yunwa ce ta fara ba. In aka ce wannan yaro datti ne a cikinsa aka ba shi jiƙon wanki, an ƙara kankare ɗan abin da ya rage.

Muna kuma cewa zawon haƙori ne, a ƙyale shi zai wuce. Haƙori ba ya sa zawo. Lokacin fitowarsa ne ya zo daidai da lokacin da yaro ke rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, a tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo, an kuma fara ba shi koko da fura da aka dama da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. In maɗiga ta faɗa, sai a shafa wa yaro haɗi a ka, alhali ruwa ne ya ƙare a jiki. Wasu ma sukan rage wa yaron sha wai don zawon ya tsaya. Wannan shi ne kuskuren da ke kisa.

Maganinsa kuwa daga sanin hanji aka samo shi. A 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon ƙaramin hanji akwai wata kafa da gishiri ke shiga jini in ya samu rakiyar sukari, kuma in su biyun suka shiga, ruwa na bin su. Daga baya aka gane wannan kafa tana ci gaba da aiki ko a tsakiyar kwalara. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan duro, dangin marasa lafiya suna shayar da su. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Ƙunshin gishiri da sukari na SRO da ke likitar ƙauyenku jikan wancan duro ne. A zuba ƙunshi guda a lita guda ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro da cokali, ko ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. In babu ƙunshin, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda. Kada a ƙara gishiri, yawansa haɗari ne. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, wadda ke taimakon bangon hanji ya farfaɗo. Nono kuma kada a yanke, abinci kada a hana, domin hanji da abinci yake gyara kansa. In yaro ya kasa sha, ko idanu suka zurma ya yi lakwas, ko aka ga jini a kashi, ba sauran jira.

Nijar ta taɓa nuna cewa irin waɗannan ƙananan abubuwa suna ceton rai. Da aka yawaita ƙananan gidajen likita a karkara, aka kuma mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. A 2014 aka shigar da rigakafin rotabirus, ƙwayar da ta fi haddasa mummunan zawo ga jarirai, cikin rigakafin yau da kullum. A Madarunfa ta jihar Maraɗi ne ma aka gwada wani sabon irinsa mai jure zafi, aka wallafa sakamakon a 2017, ya hana kusan kashi biyu cikin uku na zawo mai tsanani. Ɗigo ne a baki, kyauta. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga uwa ta tsallake wannan ɗigo ta sayi kofin jiƙo.

Ga kakanninmu mata ina da roƙo, kuma cikin ladabi nake yin sa, don na san ƙauna ce ke sa su. Iya, jinjirin da bai kai wata shida ba, a bar masa nonon uwarsa kaɗai, ba ruwa, ba bauri, ko a tsakiyar zafin watan Afrilu. Nonon kansa kusan kashi tara cikin goma ruwa ne. Dakashin farko da ake matsewa a zubar, shi ne ke shafe hanjin jariri da kariya tun kafin ƙwayar cuta ta iso. Bayan wata shida kuma a tuna tumbin ɗan shekara guda bai wuce kofi guda ba. In aka cika shi da tsararon koko, ya ƙoshi da ruwa ne. A dama kokon da kauri, a sa garin ƙuli ko na wake da ɗan mai, sannan a barbaɗa garin tsiron hatsi kaɗan yana da ɗumi. Amilas ɗin da ke cikin tsiron zai tsinka shi nan take, ya shawu, ƙarfinsa kuma yana nan.

Hatsi ma yana da nasa sirrin. Akwai sinadarin ƙarfe a cikinsa, wanda jiki ke gina jini da shi, amma akwai wani abu a ƙwayar da ke riƙe shi ya hana hanji ɗauka. Jiƙo da tsimawa da tsiro suna sassauta wannan riƙo, lemun tsami da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimakon hanji ya ɗauka, shayi mai kauri a kan abinci kuwa yana hanawa. Mace mai ciki da ke fama da ƙarancin jini ta jinkirta shayinta awa guda ko biyu bayan cin abinci.

Manya kuma, mu koma ga yauƙin tumbi. Abu biyu ne suka fi huda shi har a samu gyambon ciki, wato olsa. Ɗaya ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda akasari tun yarinta ake ɗauka, ta zauna a tumbi shekara da shekaru. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ma'ana, olsa tana warkewa, da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14 da likita zai rubuta. Kanwa da madara suna kwantar da zafin na ɗan lokaci ne kawai. Na biyun shi ne ƙwayoyin ciwon jiki, diklofenak da ibuprofen da aspirin, waɗanda 'yan talla ke sayarwa a tire, manomi ya afa biyu ko uku da sassafe ciki wayam kafin ya tafi gona. Waɗannan ƙwayoyi suna rage yauƙin da ke kare tumbi. Wanda ya ga kashinsa ya yi baƙi wuluk yana yauƙi, ko ya yi aman jini, jini ne ke zuba a ciki, ya nufi asibiti a ranar.

Haka zazzaɓin taifot. Ƙwayarsa ƙarshen ƙaramin hanji take ci, in aka yi sakaci mako biyu ko uku sai ta huda shi. Asibitin Galmi, can gaba da Ƙonni, ya daɗe yana yi wa yara aikin irin wannan hujin. Yaron da ya kwana biyu yana zazzaɓi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ba ya son a taɓa, in aka ba shi maganin wanki, ana matsa hanjin da ya riga ya kusa fashewa ne. Basir da ake ɗora wa kowane laifi kuwa jijiyoyin jini ne da suka kumbura a dubura, galibi saboda taurin kashi da yawan yunƙuri. Ruwa da ganye da wake da hatsin da ba a surfe shi fes ba sun fi masa kowace jarka. Kuma ba kowane jini a kashi ne basir ba. Dattijon da ya ga jini yana kuma ramewa, a duba shi.

Ina kira ga hukumomin gari da sarakunanmu na Dogondutsi da Tibiri su dubi lasifikar nan ta kasuwa. Mai sayar da nama ana duba namansa, me zai sa mai sayar da abin da ke shiga hanta ya yi shelar abin da ya ga dama? Gidajen rediyon da ke karɓar kuɗin tallar waɗannan jarkoki su ware ko da rabin awa a mako, ma'aikacin lafiya ya yi bayani da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci.

'Yan'uwana malaman makaranta kuma, muna da darasi kyauta sau ɗaya a shekara. Ranar Layya kusan kowace unguwa ana feɗe rago. A tara yara kafin mata su kwashe kayan ciki. A nuna musu tumbi, a gaya musu na rago ɗaki huɗu ne don ciyawa yake ci, namu ɗaya. A warware hanji su ga tsawonsa, a tsaga ƙaramin a wanke su shafa laushin bangonsa da yatsa. A nuna musu hanta da matsarmama a maƙale a jikinta, a tambayi mahaucin unguwa dalilin da ya sa yake cire ta a hankali. Sannan a sa kowane yaro ya je ya maimaita wa mahaifiyarsa abin da ya gani, ya kuma nuna mata yadda ake auna lita guda ta ruwa da kwanon da ke gidansu.